Sarki Arthur na Birtaniya: mutum ne ko tatsuniya?

Nazifi Fagge:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya ce da ni ga masu sanin tarihin Turawa.

Ƙannena sun kamu da kallon fim ɗin nan mai dogon zango na Merlin da Sarki Arthur, ni ma idan na taso daga shago nakan zauna a yi da ni. To jiya a majalisa aka ɗauko zancen, gardama ta kaure har aka kira isha'i ba a rabu ba. Wani abokinmu ya rantse ya maya cewa Arthur sarki ne na gaske, ya mulki Ingila, kabarinsa ma yana nan ana zuwa gani. Ɗayan kuma ya ce babu wani Arthur, tsohon abin bautar Turawa ne aka ɗora masa kambi aka mai da shi mutum. Wai su boka Merlin, da matar nan ta cikin tafki, da takobin da ba kowa ke iya zare shi ba, duk ragowar maguzancinsu ne na kafin zuwan Kiristanci, malaman coci suka yi masa kwaskwarima.

Ni dai na rasa inda zan tsaya, don kowanne ya yi magana sai in ji kamar shi ke da gaskiya. Abin da nake son sani biyu ne. Shin an taɓa yin mutum mai wannan suna da ya yi waɗannan yaƙe-yaƙe? Sannan da gaske ne daga tsohon addininsu aka tsamo labaran? Don Allah wanda zai amsa ya zo da hujja, ban da "an ce".

Abba Sule:

Wa alaikumus salam. Malam Nazifi, abokinka na farko shi ke da gaskiya. Akwai kangon fada a Tintagel, bakin teku a Cornwall, inda labarin haihuwarsa ya faru, kuma a 1998 masu tono sun samu wani allon dutse a can da suna a jiki mai kama da nasa. Akwai kabarinsa a Glastonbury, har allo aka kafa a wurin. Sannan zagayayyen teburin da baradensa ke zama yana nan rataye a bango a garin Winchester, da sunayensu a rubuce. Duk za ka ga hotunan a intanet. Turawa ba sa wasa da tarihinsu, da babu shi da ba su adana waɗannan wurare ba. Su dodanni da sihiri kam gishiri ne masu ba da labari suka ƙara, amma mutumin an yi shi.

Malam Iliyasu Cardiff:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana Nazifi, ka sosa mini inda ke mini ƙaiƙayi. Na daɗe zaune a Wales, kuma a nan Arthur nasu ne, ba na Ingilishi ba. Wannan shi ne gyara na farko ga abokinka: ko da an yi Arthur, bai mulki Ingila ba, don a zamaninsa babu Ingila. Kakannin Ingilishi ma su ne abokan gabarsa.

Romawa sun saki Birtaniya wajen shekarar 410, suka bar 'yan ƙasa, kakannin mutanen Wales da Cornwall na yau, a rarrabe cikin ƙananan masarautu. Sai baƙi daga gaɓar Jamus da Denmark, su Saxon da Angle, suka yi ta kwararowa suna cin ƙasa ta gabas. Idan akwai Arthur, a tsakiyar wannan rigima ya rayu, wajen shekarar 500. Tunda ka ce ban da "an ce", bari mu jera ruwayoyin bisa shekarunsu mu ga wa ya faɗa, kuma yaushe.

Rubutu ɗaya tak ya iso gare mu wanda ɗan ƙasa na kusa da lokacin ya yi a kan yaƙin. Wani malamin Kirista ne mai suna Gildas, a ƙarni na 6. Ba tarihi ya zauna rubutawa ba, huɗuba ce ta faɗa ga sarakuna da malamai kan lalacewarsu. A ciki ya ambaci wani jagora ɗan gidan Romawa, Ambrosius Aurelianus, wanda ya tattaro mutane suka tsaya wa baƙin. Ya ambaci ƙawanyar tudun Badon, inda 'yan ƙasa suka yi babbar nasara, ya ce a shekarar haihuwarsa aka yi ta. Ya kira sarakuna biyar na zamaninsa ɗaya bayan ɗaya ya wanke su tas. Arthur kuwa babu shi, ko a gefe. Masu kare Arthur sukan ce ai Gildas marowacin suna ne, ko wanda ya ja daga a Badon bai faɗa ba. Haka ne, shi ya sa ƙofar ba ta rufu ruf ba. Amma Bede, babban masanin tarihin Ingilishi da ya gama littafinsa a 731, shi ma bai san wani Arthur ba.

Sai wajen 830, bayan shekara 300, aka haɗa wani littafi da Latin a masarautar Gwynedd ta arewacin Wales, wanda ake danganta wa Nennius. A nan sunan ya fara bayyana cikin rubutun da muka san shekararsa. Kuma bai kira shi sarki ba. Cewa ya yi Arthur ya yi yaƙi tare da sarakunan Birtaniya, shi ne jagoran yaƙi. Ya jera yaƙe-yaƙe 12, na ƙarshe Badon, inda ya ce mutum 960 suka faɗi a hannun Arthur shi kaɗai a hari guda.

Ni abin da ya fi tsaya mini a rai yana ƙarshen wannan littafin, cikin jerin abubuwan al'ajabi na ƙasar. Akwai tarin duwatsu a yankin Builth, na saman yana ɗauke da sawun Cabal, karen Arthur, da ya taka lokacin farautar wani gawurtaccen aladen daji. In ka ɗauke dutsen ka tafi da shi, washegari za a tarar ya koma wurinsa. Akwai kuma kabarin Amr, ɗan Arthur wanda uban ya kashe da hannunsa, in ka auna yau ƙafa 6, wata rana 9, wata rana 15, kuma marubucin ya ce shi da kansa ya gwada. Ka gani, tun ranar farko da muka gamu da shi a takarda, Arthur biyu ne a littafi ɗaya: kwamandan yaƙi, da gwarzon jeji mai barin sawu a duwatsu. Mutane sun saba ɗauka cewa kwamandan ne ya riga zuwa, daga baya aka lulluɓe shi da almara. Masani Oliver Padel ya nuna a 1994 cewa babu abin da ya hana ya zama akasin haka, wato gwarzon tatsuniya ne aka ɗauko aka ba shi yaƙin Badon, tunda Gildas ya bar wurin babu suna.

Kundin shekaru na Wales da aka haɗa a ƙarni na 10 ya sa Badon wajen 516, ya sa yaƙin Camlann a 537, inda ya ce Arthur da Medraut, wanda labaran baya suka mai da maci amanar Arthur, suka faɗi. Layi ɗaya ne, bai ce maƙiya ne ba, bai ce 'yan uwa ne ba.

Sarkin da ƙannenka ke kallo kuwa, mahaifinsa na gaskiya shi ne Geoffrey na Monmouth, wajen 1138. Shi ya kawo Uther da Igraine a matsayin iyayen Arthur, da Tintagel, shi ya sa Arthur ya ci Ireland da Norway da Faransa har ya karya rundunar Rum, shi ya kai shi tsibirin Avalon jinya. Ya ce daga wani tsohon littafi ya fassaro, wanda Walter, babban malamin coci a Oxford, ya ba shi. Babu wanda ya taɓa ganin littafin. Tun a ƙarninsa William na Newburgh ya ƙaryata shi, ya ce ya mai da ɗan ƙaramin yatsan Arthur ya fi ƙugun Iskandari kauri. Duk da haka littafin Geoffrey ya karɓu sosai, kwafinsa na hannu sama da 200 sun tsira zuwa yau. Daga nan kowa ya zo da nasa. Zagayayyen teburi Wace ne ya shigo da shi a 1155. Barde Lancelot da soyayyarsa da matar Arthur, da sunan Camelot, fadar Arthur, daga mawaƙin Faransa Chrétien de Troyes suka fito kafin 1190. Takobin da ke kafe ana jiran mai zarewa, Robert de Boron ne wajen 1200. Thomas Malory ya tattara su wuri guda, aka buga a 1485. Mutumin tarihi, kana matsawa kusa da zamaninsa yana ƙara fitowa fili. Arthur kuwa kana nisa yana ƙara samun fada da mata da barade, kana matsowa yana narkewa.

Malam Abba, wuraren da ka ambata duk suna nan, amma kowanne yana da shekararsa.

Teburin Winchester an sauke shi a 1976 aka bincika katakon, aka samu na ƙarshen ƙarni na 13 ne, zamanin Edward na Ɗaya. Fentin da sunayen ma a zamanin Henry na Takwas aka yi su, har da furen gidan sarautarsa a tsakiya.

Kangon Tintagel, Richard mai sarautar Cornwall ne ya gina a shekarun 1230, kusan shekara 100 bayan Geoffrey ya yi wa wurin suna. Amma a ƙarƙashinsa akwai abin gaske, kuma ni ya fi burge ni fiye da almarar. An tono fasassun tuluna na mai da giya da suka zo daga gabashin Bahar Rum da Arewacin Afirka a ƙarni na 5 da na 6, da yawan da babu irinsa a wani wuri a Birtaniya. Wato wani mai ƙarfi ya zauna a wannan tsauni yana ciniki da nesa. Sunan da ke jikin allon 1998 kuwa Artognou ne, suna ne daban.

Glastonbury ce mai dogon labari. Na tsaya a gaban allon nan, cikin ciyawa tsakanin rusassun bangaye. A 1184 gobara ta cinye gidan zuhudun wurin. Sarki Henry na Biyu da ke ba da kuɗin gini ya mutu a 1189, kuɗi suka tsaya. A 1191 sai 'yan zuhudun suka sanar cewa sun tono gungumen itace da ƙasusuwan Arthur da matarsa, da gicciyen dalma mai ɗauke da sunansa. Gicciyen ya ɓace daga baya, amma zanensa ya rage, kuma salon haruffan ba na ƙarni na 6 ba ne. Sannan ka lura da wanda kabarin ya yi wa rana. Mutanen Wales da Cornwall sun yi imani Arthur bai mutu ba, zai dawo ya kori baƙi. An ruwaito cewa a 1113 wasu malaman coci daga Laon ta Faransa sun kusa tayar da tarzoma a Bodmin saboda ɗaya daga cikin mutanensu ya musa cewa Arthur na raye. Tsohuwar waƙar kaburbura ta Wales ma ta lissafa kabarin jarumai da dama, da ta zo kan Arthur sai ta ce nasa abin al'ajabin duniya ne. To a 1278 Edward na Ɗaya, shekara guda bayan ya murƙushe Wales a yaƙi, ya zo da kansa aka sake binne ƙasusuwan a gaban jama'a. Saƙon a fili yake: mai ceton naku ga shi nan a ƙasa, a hannunmu.

Amsata ga tambayar farko ke nan. Yaƙin an yi shi, Badon gaskiya ne, Ambrosius gaskiya ne. Arthur kuwa isnadinsa ya yanke shekara 300, kuma inda ya fara, da almara ya fara.

Hajiya Binta Daura:

Malam Iliyasu, Allah ya ƙara sani. Maganar Tintagel ta shige ni, don mu ma rijiyar Kusugu tana nan, mun sha ruwanta tun muna yara, amma ganin rijiya daban, tabbatar da abin da ya faru a bakinta daren da baƙo ya sauka daban.

Sai dai ba ka taɓo rabin tambayar yaron nan ba. Ni maganar abokinsa na biyu ta fi kama hankalina. Na taɓa karantawa cewa mutanen can na da suna jefa takubba a ruwa don bauta, kuma ga shi a labarin an jefa takobin Arthur a tafki, hannu ya fito ya karɓa. Wannan ai ba ya kama da abin da malamin coci zai ƙirƙira. Idan mutumin babu shi, ba zai yiwu a ce tsohon addinin ne ya ɓuya a cikin labari ba?

Malam Iliyasu Cardiff:

Amin Hajiya, na gode. A nan abokin Nazifi na biyu yana da abin kamawa, kuma mai ƙarfi ne, sai dai ya ja shi ya wuce inda ya tsaya.

Bari in fara da abin da babu gardama a kansa. A cikin tsohon labarin Wales na Culhwch da Olwen, wanda aka rubuta wajen 1100, kafin Geoffrey, Arthur da mutanensa na neman wani mafarauci mai suna Mabon ɗan Modron, wanda aka sace daga jikin uwarsa yana da kwana uku a duniya. Suka yi ta tambayar tsofaffin dabbobi har suka kai ga wani tsohon kifi, shi ya ɗauki Cei da Bedwyr, mutanen Arthur, a bayansa zuwa kurkukun Gloucester suka fito da shi. To a Corbridge da Ribchester na arewacin Ingila an tono duwatsun hadaya na zamanin Romawa da aka keɓe wa wani abin bauta mai suna Maponus, wanda suke haɗawa da Apollo, abin bautar Romawa. Matrona kuma abar bauta ce ta kogin Marne a Faransa. Mabon ɗan Modron shi ne Maponus ɗan Matrona, sunayen ne harshe ya lanƙwasa cikin ɗaruruwan shekaru. Haka Gwyn ɗan Nudd, da ke cikin wannan labarin. A Lydney, kan tudu a gefen kogin Severn, ba nisa da mu nan, Mortimer Wheeler ya tono ɗakin bautar Nodens a 1928 da 1929. Nodens shi ne Nudd, kuma shi ne Nuada mai hannun azurfa na labaran Ireland. Waɗannan ba hasashe ba ne, ga dutse ga takarda.

Akwai kuma tsohuwar waƙa cikin littafin Taliesin, inda Arthur ya shiga jirginsa Prydwen ya kai hari Annwn, duniyar ɓoye ta mutanen Wales, don ya ƙwato wata tukunya. Numfashin 'yan mata tara ne ke hura mata wuta, kuma ba ta dafa abincin matsoraci. Jirgi uku cike da mutane suka tafi, bakwai suka dawo. Duk wanda ya karanta wannan waƙa zai ji ƙamshin wani abu da ya girmi coci. 'Yan matan nan tara ma suna da tarihi: wani marubucin Rum, Pomponius Mela, ya rubuta a ƙarni na 1 cewa a tsibirin Sena, gefen Brittany, akwai mata tara masu tsaron wurin bauta, suna tayar da guguwa, suna rikiɗa, suna warkar da wanda aka fid da rai da shi. Shekara 1,100 bayan haka Geoffrey ya sa 'yan uwa mata tara a tsibirin da aka kai Arthur jinya, babbarsu Morgen, tana magani tana rikiɗa. Sai dai Geoffrey mutum ne mai karatun Latin, don haka wannan na iya zama daga shafin littafi ya zo masa, ba daga bakin tsofaffi ba.

Maganar takobi da kika kawo, Hajiya, gaskiya kika karanta. A 1942 da 1943, ana faɗaɗa filin jirgin yaƙi a tsibirin Anglesey, ma'aikata suka kwaso laka daga tafkin Llyn Cerrig Bach, sai ga takubba da masu da kayan keken doki, sama da guda 150, waɗanda aka jefa a ruwa tun kafin zuwan Romawa har zuwa farkon mulkinsu. Akwai sarƙar ɗaure bayi a ciki, wadda ma'aikatan suka yi ta jan motocin da suka kafe da ita kafin a gane shekarunta sun kai 2,000. Amma jefa takobin Arthur a tafki bai bayyana ba sai a wani littafin Faransanci na wajen 1230. Tsakaninsa da tafkin Anglesey akwai shekara sama da 1,000 da teku. Abin da ke cike wani ɓangare na giɓin shi ne kogin Witham na Lincolnshire, inda aka tsamo takubba na zamanin baraden Kirista, har na ƙarni na 14. Wato al'adar sa makami a ruwa ta rayu bayan addinin da ya haife ta ya mutu, kuma masu yin ta a lokacin Kiristoci ne.

Nan ne na rabu da abokin Nazifi. Sunaye sun tsira, wasu siffofi sun tsira, addinin bai tsira ba. Patrick, wanda ya yaɗa Kiristanci a Ireland a ƙarni na 5, ɗan Birtaniya ne, kuma da bakinsa ya ce ubansa da kakansa duk ma'aikatan coci ne. Gildas da ya zo bayansa yana maganar gumakan ƙasar ne a matsayin kangaye masu murtukakkiyar fuska a cikin garuruwan da aka ƙaurace wa. Ya zagi sarakunan zamaninsa da kisa da zina da cin amana, bai zagi ko ɗaya da bautar gunki ba, kuma ba mutum ne mai ragawa ba. Wanda ya rubuta labarin Mabon a 1100 yana da Kiristanci na shekara 600 a bayansa. A wurinsa Mabon fursuna ne gwanin farauta, babu alamar ya san an taɓa yi masa hadaya. Ba ɓoye komai yake yi ba, labarin kakanni yake bayarwa.

Cewa Arthur kansa abin bauta ne, wannan ba shi da madogara. Romawa sun bar ɗaruruwan duwatsun hadaya a Birtaniya da sunayen abubuwan bautar 'yan ƙasa, su Sulis a Bath, su Coventina da Cocidius a katangar Hadrian. Babu ko ɗaya mai sunan Arthur. Merlin kuma da ake nunawa yanzu kamar limamin tsohon addini, a rubutun da ba haka yake ba. Geoffrey ya haɗa mutum biyu ne ya yi shi: yaron nan marar uba na littafin 830 da ya nuna wa sarki Vortigern dodanni biyu, ja da fari, suna faɗa a ƙarƙashin ginin sa, da Myrddin na waƙoƙin Wales wanda ya zauce bayan yaƙin Arfderydd na 573 ya shige daji. A wurin Geoffrey uwar Merlin a cikin mata masu zuhudu take zaune, a wurin Robert de Boron kuma wankan shiga Kiristanci aka yi masa yana jariri don a ƙwace shi daga shaiɗan.

Yawancin abin da ake yaɗawa yau cewa labaran asirin maguzanci ne a lulluɓe, daga masanan farkon ƙarni na 20 ya fito. Jessie Weston ta rubuta a 1920 cewa labarin Grail, akushi mai tsarki da baraden Arthur ke nema, ragowar wata tsohuwar ibadar neman yalwar amfanin gona ce da wasu suka ci gaba da yi a ɓoye. Magana ce mai daɗin ji, marubuta da masu fim sun so ta, amma ba a samu shaida ko ɗaya ta wannan ibada ba. A wurin Chrétien, wanda ya fara kawo shi, faffaɗan akushi ne wata budurwa ke wucewa da shi, a ciki akwai gurasar ibadar coci guda ɗaya da ke ciyar da wani tsohon sarki. Bayan 'yan shekaru aka mai da shi ƙoƙon jibin ƙarshe na Annabi Isa alaihissalam, bisa ruwayar Kiristoci. Ana iya cewa tukunyar Annwn ta ba da gudummawa wajen siffarsa, amma abin da aka zuba a ciki na coci ne.

Abba Sule:

Malam, na karɓi maganar teburi da kabari. Amma ruwa ba ya tsami banza. Akwai waƙar Gododdin kan yaƙin Catraeth na wajen shekarar 600, inda aka yabi wani jarumi cewa ya ciyar da baƙaƙen hankaki da gawar maƙiya a kan ganuwa, ko da yake shi ba Arthur ba ne. Sannan a ƙarshen ƙarni na 6 sarakuna sun fara raɗa wa 'ya'yansu wannan suna, kamar Artúr ɗan Áedán na Dál Riata a Scotland, da wani Arthur a gidan sarautar Dyfed. Mutane ba sa yi wa tatsuniya takwara, sai mutumin da ya yi abin a zo a gani. Wannan fa?

Malam Iliyasu Cardiff:

Madalla, Malam Abba, yanzu ka kawo mafi ƙarfin hujjar ɓangarenku, kuma saboda ita ne ban ce ma Nazifi babu Arthur ba, na ce ba a tabbatar da shi ba.

Layin Gododdin yana nan kamar yadda ka faɗa. Matsalarsa ita ce kwafin da muke da shi, littafin Aneirin, na ƙarni na 13 ne, kuma an san an yi ta ƙara baitoci a waƙar cikin ƙarnukan da ke tsakani. In ma layin tsoho ne, abin da ya nuna shi ne Arthur ya riga ya zama ma'aunin jarunta. Ana auna mutum da jarumin tarihi, ana kuma auna shi da na almara. Takwarorin kuwa, ka lura cewa Dál Riata da Dyfed duka gidaje ne masu asali daga Ireland da suka zauna a gaɓar Birtaniya. Gidajen sarautar Wales na asali ba su riƙa sa wa 'ya'yansu sunan ba. Da kwamanda ne da ya ceci kakanninsu shekara 60 da suka wuce, su ya kamata su fara yi masa takwara.

Abin da zai sa in sauya magana shi ne rubutu daga zamanin kansa. Ba abu ne mai wuyar samuwa ba a ƙasar nan, don Wales cike take da duwatsun tunawa da matattu na ƙarni na 5 zuwa na 7, da sunaye a sassaƙe. A bangon cocin Llangadwaladr da ke Anglesey akwai na Cadfan, sarkin Gwynedd da ya mutu wajen 625, an rubuta da Latin cewa shi ne mafi hikima da shahara a cikin sarakuna duka. Tudun Cadbury na Somerset kuma, wanda John Leland ya kira Camelot a ƙarni na 16, Leslie Alcock ya tone shi daga 1966 zuwa 1970, ya samu an sake masa ganuwa an gina babban zauren katako a daidai zamanin da muke magana. Akwai shugaban da ya sa aka yi wannan aiki, mai iya tara ɗaruruwan hannaye, amma babu suna a jikin komai da aka tono a wurin.